Maigida ya ce sikelin asibiti ne ya lalace

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo. Na ɗan rage mata tsawo, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, 'ya'yana biyar, mu biyu ne a wurin maigidanmu. Shi shekararsa 46, yana sana'ar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau. Watan jiya ciwon kai ya matsa masa har ya yarda na raka shi asibiti. Aka gwada jininsa aka samu 150/95, aka ɗora shi a sikeli ya nuna kilo 98, tsayinsa kuma aka rubuta mita 1.72. Likita ta ce masa ƙiba ta yi yawa, ya rage. Tun a mota ya fara faɗa, wai sikelinsu ya lalace, shi ya san nauyinsa kilo 80 ne tun awon da aka yi masa da zai tafi Hajji shekara 12 da suka wuce. Ya ce shi ba mai ƙiba ba ne, ƙashi ne da shi mai nauyi, kuma haka jikin gidansu yake, in ana maganar masu ƙiba a je a ga abokansa na kasuwa. Anti, mutumin nan minsharinsa har falo ake ji, wani lokaci numfashinsa ya ɗauke sai na taɓa shi. In ya hau bene sai ya tsaya ya huta, zaman tahiya kuma sai ya miƙe ƙafa saboda gwiwa. Mahaifinsu ciwon suga ne ajalinsa. Da na rage mai a miya, Hajiyarsu ta aiko wai kar in ramar mata da ɗa mutane su ce ya karye. Ni dai alhamdu lillahi jikina daidai yake, don duk cikin 'yan'uwana mata ni ce ƙarama a jiki. Yaya zan yi ya yarda ba tare da na ɓata masa rai ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan surukinki, ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan kula da kike yi. Matar da ke farkawa cikin dare don ta saurari numfashin mijinta ta cancanci a zauna a ba ta amsa a tsanake.

Abu na farko da nake so ki sa a ranki: mijinki ba ƙarya yake yi miki ba. Da ya ce shi ba mai ƙiba ba ne, har ga Allah haka yake gani. In kika ɗauki maganarsa a matsayin taurin kai kawai, da faɗa za ki tunkare shi, kuma za ki sha kaye. In kika gane yadda aka yi idonsa ya ruɗe shi, za ki san ta inda za ki ɓullo masa.

Mu yi lissafi da alƙaluman da kika aiko. Daga kilo 80 zuwa 98, kilo 18 ke nan, a cikin shekara 12. Kilo ɗaya da rabi a shekara. In kika raba shi wata-wata, giram 125 ne kacal, bai kai nauyin sabulun wanka babba ba. Wane ido ne zai ga wannan? Mutum yana duba madubi kullum da safe, fuskar da ya gani yau ita ce ta jiya, ta jiya ita ce ta shekaranjiya. Babu ranar da ya kwanta da siririn ciki ya tashi da tumbi, balle ya firgita. Shi ya sa baƙon da ya shekara biyar bai gan ka ba yake ganin abin da matarka da 'ya'yanka ba su gani ba. Sannan ƙwaƙwalwa tana riƙe adadin ƙarshe da aka faɗa mata. An ce masa 80 a lokacin da yake cikin farin cikin tafiya Makka, adadin ya zauna daram, kuma tun daga ranar bai sake hawa sikeli ba sai watan jiya. A wurinsa 80 ɗin nan tamkar sunansa ne. Wata likita da bai taɓa gani ba ta zo rana ɗaya ta ce ba sunansa ba ne.

Suturarmu ma tana da hannu a ciki, kuma ban cika jin ana faɗar wannan ba. Wanda ke sa wando mai bel, ranar da ramin bel ya ƙare dole ya san an samu canji. Namu wandon zariya gare shi. Ciki ya ƙaru, zariya ta saki, babu wanda ya ji labari. Jamfa da babbar riga an yanka su ne da yalwa tun asali, suna rufe komai, har ma tumbin ne ke sa babbar riga ta zauna da kyau a idon jama'a. Mu mata kuwa zani ne, ɗaurinsa a hannunmu yake, ga hijabi har ƙasa. Mutum ɗaya ne a unguwa ya san gaskiyar jikin kowa, shi ne tela. Shi yake da littafin awo, shi yake ƙara inci ɗaya ko biyu kowace Salla bai ce komai ba, don ba ya son ya ɓata wa mai kawo masa ɗinki rai. Ki riƙe maganar telan nan, zan dawo kanta.

Sai maganar abokansa na kasuwa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne a kan hatsi. A kan jikin mutum kuwa, ido da abin da ya saba gani yake auna kima. In duk waɗanda kuke zama a rumfa ɗaya, kuke cin abinci a tire ɗaya, kowa da tumbinsa, to mai ƙaramin tumbi a cikinku shi ne siriri. Wannan ba a kan Bahaushe kaɗai ya tsaya ba. A Birtaniya masu bincike na wata jami'a a Landan sun kwatanta amsoshin jama'a na shekarar 1999 da na 2007. A 1999, cikin mutanen da awo ya nuna nauyinsu ya wuce kima, kashi 81 cikin ɗari sun san haka. Zuwa 2007, bayan jama'ar ƙasar sun ƙara ƙiba, masu sanin sun ragu zuwa kashi 75. Ƙiba na yawaita, ido na sabawa da ita, ganinta na raguwa. Kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna maza sun fi mata yawan raina nauyinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 manya biliyan biyu da rabi ne nauyinsu ya wuce kima, kashi 43 cikin ɗari na manyan duniya ke nan, miliyan 890 daga cikinsu kuma ƙibarsu ta kai matakin cuta. A nan gida, babban binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya samu kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 a sahun waɗanda nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane. Don haka in maigida ya waiwaya hagu da dama ya ga kowa kamarsa, idonsa daidai ya gani. Ma'aunin ne ya gusa da su gaba ɗaya.

Ga kuma bakinmu. Mutum ya yi ƙiba mu ce ya murje, ya yi kyau, hutu ya zauna, naira ta samu wurin zama. Amarya ta yi wata uku ta ciko, dangi su ce miji ya iya kiwo. Wanda ya faɗa kuwa, tambayar farko ita ce "Lafiya kuwa?", ta biyu a bayan idonsa, "Ko dai kasuwa ce ta juya masa baya?" Ina roƙonki kar ki ji haushin Hajiya. Ta taso a zamanin da rama ke nufin yunwa ko tarin fuka, ta ga farin shekarun 1970, ta kuma ga lokacin da duk wanda ya zabge ake nuna shi da baki ana raɗa sunan ƙanjamau. A wurinta naman jikin ɗanta shaida ce cewa Allah ya rufa asiri. Tsoronta na uwa ne. Wannan tunanin ne dai, da ya gangaro kan 'yan mata, ya haifar da shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi maganin wasu cututtuka ne daban, irin su deksametason, masu kumbura fuska da ciki, su tayar da suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Abin yana ci mini rai ƙwarai duk lokacin da na ga yarinya lafiyayya tana sayen ciwo da kuɗinta don a ce ta yi kyau.

Yanzu mu ɗauki hujjojinsa guda uku, don kowacce tana da amsa, kuma ya fi kyau amsar ta fito daga hannunsa.

Ya ce sikeli ya lalace. Yana yiwuwa, sikelin asibiti ma yakan yi kuskuren kilo ɗaya ko biyu. Kar ki yi musu da shi a kan wannan ko kaɗan. Allah ya taimake ki mijinki ɗan Dawanau ne. Mutumin da ke sayen riɗi ba ya karɓar buhu don mai kaya ya ce "na san kilo kaza ne tun bara". Sai an ɗora a sikeli, kuma sikelin da ya yarda da shi. To ki ce masa, "Alhaji, ni ma ban yarda da nasu ba. Don Allah gobe in ka je rumfa ka hau naka, mu san gaskiya, in sun yi kuskure mu koma mu gaya musu." Ba kya buƙatar ki kasance a wurin, ba kya ma buƙatar ya gaya miki abin da ya gani. Namiji yakan karɓi gaskiya cikin sauƙi in babu wanda ke tsaye yana jiran ya ce "ai na faɗa maka".

Ya ce ƙashi ne. Mutane sun bambanta a ƙirar jiki, wannan haka ne. Sai dai ƙashi yana gama girmansa ne tun mutum na saurayi. Lokacin da aka auna shi 80 yana da shekara 34, da wannan ƙashin nasa aka auna shi. Abin da ya ƙaru daga baya ba ƙashi ba ne.

Ya ce gado ne. Nan ma yana da gaskiya, ƙiba tana bin jini. Amma ciwon suga ma yana bin jini, kuma shi ne ya ɗauki mahaifinsu. Wanda ya gaji jikin gidansu ya gaji har da abin da ke kama jikin gidansu. Wannan hujjar tasa ita ce babban dalilin da zai sa ya fi abokansa taka tsantsan.

Ga yadda likitar ta yi lissafinta, don ki san ba da ka ta yi magana ba. Akwai ma'aunin da ake kira BMI: a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Tsayinsa 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96. A raba 98 da 2.96, an samu 33. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin cuta. Ki lura da wani abu: ko da kilo 80 ɗin da yake riƙe da shi ne gaskiya, lissafin 27 zai bayar. Tun ranar da zai tafi Hajji ya riga ya ɗan haura layi, don mai tsayinsa iyakarsa wajen kilo 74 ne. Wannan ma'auni yana da nasa rauni, domin ba ya bambance tsoka da kitse. Ɗan dambe ko mai dakon buhu zai iya yin nauyi alhali babu kitse a jikinsa. Shi ya sa na fi son awon ƙugu, kuma shi ne zai fi shiga kan maigida.

Kitsen da ke cinya da ɗuwawu da sauƙi. Mai haɗarin shi ne na cikin ciki, wanda ke naɗe hanji da hanta. Ba zaune yake kawai kamar kaya a sito ba, yana zuba sinadarai a jini da ke sa jiki ya daina jin maganar insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai shi inda za a ƙona. In jiki ya daina ji, suga ya taru, hanta ta yi kitse, jijiyoyin jini su yi tauri. Daga nan ne ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa. Tumbi mai tauri kamar ganga, wanda maza ke bugawa suna cewa "wannan ba teɓa ba ce, ƙarfi ne", shi ne ainihin irin wannan kitsen.

Awonsa ba ya buƙatar asibiti. Ki samo igiya ko zare mai kauri, ki auna tsayinsa daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ki yanke, ki ninka biyu. Wannan rabin ya kamata ya zagaye cikinsa, a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya, yana tsaye ya saki numfashi bai shanye ciki ba. In bakin igiya biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gabansa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa wannan a shawarwarinta tun 2022: ƙugu kar ya kai rabin tsayi. Ga mai mita 1.72, santimita 86 ke nan, wajen inci 34 a tef ɗin tela. Kar a auna a ƙarƙashin tumbi inda wando ke zama, nan ne maza da yawa ke samun adadin da ke kwantar musu da hankali. In kuma yana son shaida daga wanda ba likita ba, ya tambayi telansa ya buɗe masa tsohon littafi, ya ga awon cikinsa na shekara goma baya da na Sallar da ta wuce.

Ƙanwata, duk cikin wasiƙarki abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne numfashin da ke ɗaukewa cikin barci. Wannan ba minshari ne na gajiya ba. Kitsen wuya da na maƙogwaro ne ke danne hanyar iska in mutum ya yi barci, numfashi ya tsaya, iskar jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi ya ja iska da ƙarfi, ya koma, a sake. Yana iya faruwa sau da yawa a dare ɗaya shi bai sani ba. Da safe ya tashi da ciwon kai, da rana ya yi ta gyangyaɗi, kuma abin da kansa yana tayar da hawan jini. In yana tuƙa mota zuwa kasuwannin ƙauye, gyangyaɗin nan abin tsoro ne. Likita ba za ta san da wannan ba sai an gaya mata, shi kuma ba zai faɗa ba don barci yake yi lokacin da abin ke faruwa. Ke ce shaida. Ki ɗauki sautin a wayarki dare ɗaya, ki sa masa ya ji ku biyu kaɗai, sannan ku kai wa likita. Kafin nan, ya riƙa kwanciya ta gefe maimakon rigingine.

Jinin 150/95 ya haura 140/90 da ake ɗauka a matsayin iyaka, amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. A maimaita a ranaku daban-daban yana zaune ya huta, kuma a yi amfani da babban maɗauri in damtsensa mai kauri ne, don ƙaramin maɗauri yana ƙara adadi. In an ɗora shi a kan magani, ya sha kullum, kar ya ajiye don ciwon kai ya tafi. Sannan lallai a gwada sugansa da safe kafin ya karya. Daga 126 zuwa sama, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi, in aka maimaita aka sake samu, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 yana bakin ƙofa. Ɗan mai ciwon suga, mai shekara 46, mai tumbi, bai kamata ya ƙara wata guda bai yi wannan gwajin ba.

To yaya za ki yi maganar? Kar ki kira shi mai ƙiba, ko da wasa, kuma kar ki bari yara su mayar da tumbinsa abin tsokana. Wasu masu bincike, ciki har da na jami'ar Liverpool, sun bi dubban mutane a Amurka da Birtaniya shekaru, suka ga waɗanda ke kallon kansu a matsayin masu ƙiba sun fi ƙara nauyi daga baya, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne cin abinci don huce takaici. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, sanin adadi yana da amfani, amma kunya da gori ba sa rage ko giram ɗaya. Ki yi masa maganar abin da shi kansa yake ji a jikinsa kuma yake so ya dawo masa: ya zauna tahiya ba tare da miƙe ƙafa ba, ya hau bene bai tsaya ba, ya yi barci ya tashi garau. Gwiwa tana ɗaukar kusan ninki huɗu na duk kilon da ya ƙaru a kowane taku, haka kuma duk kilon da ya sauka ninki huɗu take hutawa. Kilo 18 kuwa kamar jarka mai lita 20 ce da aka kusa cikawa, yana ɗauke da ita daga asuba har dare. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ba gaban kowa ba. Ki ce masa tsoro kike ji, ki ambaci ƙaramin ɗanku, ki ce kina so ya ga aurensa.

Yanzu zan faɗa miki abin da ba ki tambaya ba, kuma ki yi haƙuri da ni. Kin ce jikinki daidai yake domin ke ce ƙarama a cikin 'yan'uwanki. Ki sake karanta wannan jimlar, sannan ki karanta abin da maigida ya ce game da abokansa na kasuwa. Magana ɗaya ce. Ban gan ki ba, mai yiwuwa ne jikinki daidai ɗin yake. Amma haihuwa biyar, kowace da kunun kanwa da naman jego da zaman wanka, ba kasafai take barin mace yadda ta same ta ba, kuma ke ma da ido kika auna. Ki yanki taki igiyar. Ga mace, ƙugun da ya kai santimita 80 ya fara shiga haɗari, 88 kuma haɗarin ya yi yawa. Ki fara auna kanki a gabansa, ki faɗi abin da kika samu da bakinki, ko mai daɗi ne ko marar daɗi. Daga nan maganar ta tashi daga "kai ne mai matsala" ta koma "ga halin da muke ciki". Ban san wata dabara da ta fi wannan sauke girman kan namiji ba.

Kar ki sa masa burin komawa kilo 74, zai ji kamar an ce ya kwashe Dala da cokali. Kilo bakwai ya isa a fara. A Amurka an yi wani babban gwaji da mutum fiye da 3,000 da sugansu ke bakin ƙofa, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani. Kashi 7 na kilo 98 bai cika kilo bakwai ba. In ya sauke rabin kilo a mako, wata huɗu ya gama. Kuma kilo bakwai a ƙarƙashin babbar riga ba zai sa kowa ya ce ya karye ba, wannan ki tabbatar wa Hajiya.

A kicin, ki fara da abin sha kafin abin ci, don nan ne riba ta fi yawa kuma ba a jin yunwa. Kwalbar lemo ta rabin lita tana iya ɗaukar sukari cokalin shayi goma ko fiye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba kar ya wuce kimanin cokali 12 a yini gaba ɗaya, in ya tsaya a shida ma ya fi. Lemon malt da muke ɗauka abin ƙara jini ne shi ma sukari ne. Ki ƙirga shayi mai kauri na safe, da fura da aka zuba wa sukari da rana, da zoɓo ko kunun aya mai zaƙi, da lemon da ake buɗe wa kowane baƙo a rumfa shi ma ya sha nasa. Na tabbata a nan kaɗai za ki samu abin mamaki. Mai kuma ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga galan, a rage a hankali yadda harshe ba zai yi tawaye ba. Malmala uku ta koma biyu, miya da ganye su ƙaru: zogale, alayyafo, kuɓewa, kabewa, kwaɗon rama. Wake da alale da ɗanwake suna riƙe ciki fiye da farar shinkafa da burodi. Tuwon dawa da na gero da fate na acca duk abincinmu ne tun kaka da kakanni. Saboda jininsa, gishiri da magi su ragu, daddawa da citta da tafarnuwa su cike gurbin. Abincin dare a ci da wuri, tsire da balangun ƙarfe goma na dare su zama na lokaci-lokaci. Maigida ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na kason ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. In ya fito daga bakin malaminsa ko babban amininsa zai fi tasiri a kan ya fito daga naki.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in kwana biyu ana ragewa a ɗakinki, kwana biyu ana ƙarawa a ɗakin abokiyar zamanki. Na san yadda girki yake a gidan mace fiye da ɗaya, kowacce tana so a ce nata ya fi, kuma da mai da nama da soye-soye ake wannan tsere. In ke kaɗai kika rage, za a ce rowa kike yi ko ba ki iya ba. Ki same ta ku zauna, ki nuna mata katin asibitin, ki gaya mata maganar numfashin, don tabbas ita ma ta ji abin da kika ji. Mijin ɗaya ne, in ya kwanta ku biyu za ku yi jinya, 'ya'yanku duka ne za su shiga wani hali. Hajiya kuwa kar ki aika mata amsa. Ki je da kanki ki gaishe ta, ki ce likita ta ce ana tsoron ciwon da ya kama Baba ya kama shi, kina neman ta sa baki ta kuma sa albarka. Ita ta yi jinyar mijinta, ta san abin da ciwon suga ke yi wa ƙafa da ido fiye da ni da ke. In ta dawo ɓangarenki, rabin aikin ya ƙare.

Tafiya kuma, minti 30 sau biyar a mako, da saurin da zai sa ya ɗan yi gumi amma yana iya magana. Bayan Asuba ya fi sauƙi kafin rana ta yi zafi. Ya fara da minti goma saboda gwiwar, ya je masallacin da ya ɗan fi nisa a ƙafa, ya ajiye mota nesa da rumfa. In ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana tafiya, ya tsaya, a koma asibiti a ranar. Shayin rage tumbi da garin da ake tallatawa a Facebook da cikin motocin kasuwa, ku bar su. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma mai hawan jini ƙodarsa ba ta son wasa. In kuma kika ga yana zubewa da sauri ba tare da ya canza komai ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsarin dare, kar ki yi murna, alamar suga ce, ku tafi gwaji.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan ya ce shi dai lafiyarsa ƙalau. In haka ta faru kar ki mayar da gida filin wa'azi. Ki ci gaba da abin da ke hannunki, wato tukunya, ki dage a kan abu biyu kawai, gwajin suga da kai maganar numfashin gaban likita, sauran ki ba shi lokaci. Ki ajiye igiyarsa a inda zai riƙa ganinta, ki ɗaura ɗan ƙulli a inda ta tsaya yau. Bayan wata uku ku sake zagayawa. Ki rubuto mini abin da sikelin rumfa ya nuna in ya gaya miki, da sakamakon sugan, da kuma abin da taki igiyar ta ce.